Mataccen Ƙwai a Kan Rufin Sito

Gidiyon Bako ya shekara goma sha ɗaya yana gyaran wuta a wani kamfanin sarrafa riɗi da ke Sharada. Mutumin Kagoro ne, yana zaune a Dorayi da iyalinsa. Duk wayar da ke kamfanin ya san inda ta fito da inda ta nufa, in ban da guda ɗaya: doguwar wayar eriya da aka ja a kan rufin simintin sito, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, bisa sanduna masu tsayin mutum. Ta rediyon oba-oba ce, wadda kamfanin ke magana da direbobinsa in sun nausa cikin Nijar inda babu sabis. Ba ta cikin aikinsa.

Wata Talata da la'asar, cikin damina, ya hau rufin ya canza dogon ƙwan fitilar tsaro da ya mutu. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu. Ya saɓa tsohon ƙwan a kafaɗa, ya biyo gefen wayar zai sauka, sai ƙwan ya kawo haske.

Gidiyon ya tsaya cak. Ƙwan bai taɓa komai ba sai hannunsa, amma ga shi yana ƙiftawa. Daga tagar ofishin da ke ƙasa yana jin muryar Aina'u, mai kula da rediyon: "Damagaram, Damagaram, kana ji na?" Duk kalmar da ta faɗa sai hasken ya motsa. Da ta yi shiru ya mutu.

Ya leƙa ta bakin rufi. "Aina'u, don Allah danna abin nan ki yi ta ƙirga. Kar ki tsaya."

"Lafiya, Baba Gidiyon?"

"Lafiya lau. Ƙirga kawai."

Tana ƙirgawa yana tafiya a hankali. Hasken ya riƙa raguwa har ya ɗauke a taku na goma sha huɗu. Ya ci gaba, sai ya dawo kaɗan-kaɗan, a wani taku goma sha huɗun ya cika fal. Ya koma da baya, haka dai. Wurin haske na nan inda yake, wurin duhu ma bai gusa ba. Yayyafi ne ya sauko da shi.

Abin ya tsaya masa a rai. Iya saninsa, waya in da wuta a farkonta akwai a tsakiyarta, akwai a ƙarshenta. Ta yaya waya ɗaya, ba yanka ba ƙulli, za ta yi rai a nan ta mutu a can, ta sake rai a gaba?

Washegari ya hau da alli, da buhu don yi wa ƙwan inuwa. Ya zana da'ira a duk inda haske ya cika, ya ja layi inda ya ɗauke. Sannan ya ce Aina'u ta koma wani layin rediyon. Sai wuraren suka tashi daga kan zanensa, suka matso kusa da juna, taku tara-tara.

Da ya sauko ya gaya mata, ta ce, "Ni ma rediyon nan ta ishe ni. Sati biyu ke nan layi ɗaya kawai ke tafiya daidai. Sauran in na danna sai jar fitila ta kama, direbobi su ce kamar daga rijiya nake magana. Na kira Malam Uba, gobe zai zo."

Malam Uba shi ya kafa eriyar shekarun baya. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin injiniya a gidan rediyo. Da ya zo, ya hau rufin yana hutawa a kan matakala, ya tarar da zanen alli. Ya auna tsakanin da'ira biyu da ƙafarsa.

"Layin mita arba'in aka danna a nan," in ji shi. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Malam. Yaya kuka gane layin?"

"Tazarar ce ta faɗa mini. Samo mana igiya."

Aka ɗaure igiya a jikin sanda, ya ba Gidiyon ɗaya bakin ya ce ya yi ta kaɗawa sama da ƙasa. Da hannunsa ya daidaita, sai igiyar ta rabu gida uku, kowanne yana lilo, tsakaninsu kuma akwai wuraren da ko motsi ba sa yi.

"Kaɗawar da ka tura ta je sanda, ba ta da wurin zuwa, ta dawo," in ji Malam Uba. "Mai tafiya da mai dawowa suka haɗu. A wani wuri su taru su yi ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Shi ya sa kake ganin kamar a tsaye take. Wutar rediyo ma haka take yi a waya in ta iske ƙarshe a buɗe."

"To ai kowace waya tana da ƙarshe."

"Tana da shi. Amma wannan ban bar ƙarshenta haka ba. Zo ka gani."

A can ƙarshen rufin akwai wani ƙaramin akwati da wayar ta shiga, wata kuma ta fita zuwa ƙasa. Da Malam Uba ya buɗe, abin da ke ciki ya ƙone ƙurmus. Ya ce tsawa ce. Aikin abin shi ne ya shanye duk wutar da ta iso, don kada komai ya koma baya. Ya ciro sabo daga jakarsa, Gidiyon ya ɗaura.

Aka sake gwadawa da ƙwan a ƙarƙashin buhu. Wannan karon babu gurbin duhu. Hasken ya bi wayar tun daga farko, yana dai raguwa a hankali har ƙarshe. Gidiyon ya dafa akwatin bayan an saki maɓallin rediyon, ya ji ɗumi.

"Ashe wutar da ta zo nan zafi take zama. Ba asara ba ce, Malam?"

"Asara ce. Amma da ita kowane layi zai tafi. Eriyar da ke kan motocinku irin mai wutar da ke kamar a tsaye ce, ba ta zubar da wuta haka, sai dai an yanka ta daidai layi ɗaya, in ka kauce ta ƙi. Kowa da wadda ta dace da aikinsa."

Aina'u ta hawo tana tattare mayafi. Ta ce ita ma sai ta gani, tunda kwana uku ana sa ta ƙirga. Malam Uba ya sauka ofis ya karɓi rediyon, Gidiyon ya miƙa mata ƙwan, ya ce kada ta bari hannunta ya kai wayar.

Dattijon ya kira wani direba, Sule, da ke hanyar Agadas. Ƙwan ya yi ta ƙiftawa a hannunta. Can muryar Sule ta fito ta taga, tar da ita, amma ƙwan bai motsa ba.

Ta leƙa ƙasa. "Malam, me ya sa nasa bai kunna ba?"

"Abin da ke isowa daga can ɗan mitsitsi ne," in ji Malam Uba. "Ko kashi ɗaya cikin miliyan na abin da ƙwan ke bukata bai kai ba."

"Amma ga shi muna jin sa."

"Muna jin sa."

Ta dubi wayar, ta dubi Gidiyon. Ya karɓi ƙwan, suka sauka tare don su tare dattijon da tambaya kafin ya tafi.