Surukin Mutinta Ya Ɓata a Lusaka

Ranar Juma'a da safe aka kira mijin Mutinta daga wurin aiki, wai wani inji ya tsaya a Kitwe, lallai ya taho. Ya tafi ya bar ta da mahaifinsa, Baba Mubita, wanda bai fi kwana ɗaya da isowa Lusaka daga Mongu ba. Shekararsu biyu da aure, amma ba ta taɓa zama ita kaɗai da surukin nata ba. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, kullum da malafa da sanda. In ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe shi, "Lafiya lau, 'yata," shi ke nan abin da take samu.

"Gobe ki zaga da shi gari," in ji mijin yana ɗaura takalmi. "Kada ya wuni a ɗaki kamar mai jinya."

Ta kira ƙawarta Bwalya, mai aiki a wani otal, wadda bakinta ya saba da yi wa baƙi kwatance.

"Ke, wannan ne abin tashin hankali? Ki fara da gidan tarihi, ku ɗauki hoto a gaban mutum-mutumin nan mai tsinka sarƙa. Ku bi Titin Cairo ya ga dogayen benaye. In rana ta take, ki kai shi babban kanti, akwai gidan abincin 'yan Italiya a sama. Sai ya koma Mongu yana ba da labarinki."

"In ya ƙi ci fa?"

"Zai ci mana. Tsoffin nan sun fi mu kwaɗayi."

Washegari haka ta yi. A gidan tarihi Baba Mubita ya bi ta a hankali, duk abin da ta nuna masa sai ya ce, "To." A Titin Cairo ma "To." Da aka ajiye masa taliya cikin farar miya mai cuku, ya juya cokali, ya kai loma biyu, ya koma shan ruwa. Mutinta ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Ta ce masa tana zuwa, ta nufi bayi don ta ɗan sami numfashi, ta tarar da layi.

Da ta dawo, kujerar wayam. Babu malafa, babu sanda.

Ta tambayi mai kawo abinci, ya ce ya ga fitarsa, ya wuce da farantai a hannu. Ta danna lambar Baba, sai ta ji wayar tana kuka a cikin jakarta. Tun da safe ya ba ta ajiya. Ta sauka ƙasa, ta hau sama, ta leƙa shagon takalma, ta leƙa na magani. Masu gadi uku ta tambaya, kowa ya girgiza kai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙananan bas suna rige-rige a kan titi, tana tunanin da wane baki za ta gaya wa mijinta ta ɓatar masa da uba a wuni ɗaya.

Ta sake kiran Bwalya.

"Ki nutsu," in ji Bwalya. "Tsoho ai ba akuya ba ne. Rabu da masu gadi, su motoci suke kallo. Tambayi masu talla."

Wata mai gasa rogo a gefen hanya ta saurare ta, ta yi dariya.

"Dogo mai malafa? Ai ni ya tambaya inda mutanen kirki ke cin tuwo. Bi bayan gidan man can, za ki ga rumfuna."

Mutinta ta tattare zani ta ruga. A rumfa ta huɗu ta hango malafar a kan benci. Ga Baba Mubita ya naɗe hannun riga, gabansa malmalar nshima, tuwon masara mai tururi, da busasshen kifi da ganyen kabewa cikin miyar gyaɗa. Dariya yake har da dukan cinya, suna ta zuba Lozanci, yaren mutanen Mongu, shi da mai abincin.

Ta durƙusa a gefen bencin, hawaye na zuba.

"Baba! Na kusa mutuwa!"

Ya dube ta da mamaki. "Ashe mutumin nan mai farantai bai gaya miki ba? Na ce masa ya ce ina nan kusa." Ya sassauta murya. "Yi haƙuri, 'yata. Na ga kin sha wahala a kaina, na ji nauyin in ce miki abin nan bai shiga ba. Ga shi ina shan maganin da ba ya son yunwa."

"Da kun ɓata fa?"

Mai abincin, wata dattijuwa 'yar Senanga, wani gari a yankin su Baba, ta kwashe da dariya. "Wannan ne zai ɓata? Tun ɗazu yake lissafa min unguwanni, har waɗanda ni ban sani ba."

"Shekara goma sha ɗaya ina kwandastan bas a garin nan," in ji Baba Mubita. "Tun mijinki bai zo duniya ba. Wancan benen da kika nuna min, a gabana aka haƙa ramin tushensa."

Mutinta ta rufe fuska da tafin hannu. Kunya da dariya suka haɗe mata. "Kuma kuka bar ni ina ta zuba kamar rediyo?"

"Ai kina yi da kyau. Sau biyu kawai kika yi kuskure."

Ya matsa mata wuri, abin da bai taɓa yi ba. Ta noƙe, don ba a saba suruka ta ci abinci a gaban suruki ba. Mai abincin ta miƙo mata ruwan wanke hannu ba tare da ta tambaye ta ba.

"Zauna, yarinya. Nan kasuwa ce, ba gidansu ba."

Ta zauna a can ƙarshen bencin. Sai da ta kai lomar farko ta gane ita ma yunwa take ji, ba kaɗan ba.

"Gobe in an taso daga coci," in ji Baba Mubita yana ɓare kan kifi, "za mu je unguwar Matero in ga ko gidan da na zauna yana nan. Akwai wata mai gasa kifi a hanyar, in dai tana raye. Ni zan shige gaba, ke ki riƙe min waya."