Sawun Tayar Hajiya Aishatu

Filin da Alhaji Aƙilu ya saya a Nassarawa GRA rabin wani tsohon gida ne da magada suka rushe suka raba biyu, shi ya sa ya zo da matsattsen gaba amma da zurfi ta baya. Shekara talatin Alhaji yana koyarwa a jami'a, yana zaune da iyalinsa a gidan ma'aikata. Da ritaya ta ƙarato, 'yarsa ta fari, Suhaila, wadda zanen gine-gine ne aikinta, ta ce ita za ta zana musu gidan, kuma ta yi wata biyu tana kansa.

Wata Asabar da hantsi, bayan an sha ruwan sama da safe, suka je ganin yadda birkila ya fitar da zanen a ƙasa. An kafa turaku, an ja igiya, an zuba toka a kan layi, har mutum yana iya gane kowane ɗaki. Gidan ya zauna a tsakiyar fili. Gareji yana hannun hagu, ƙafa ashirin daga inda get zai tsaya, hanyar mota kuma a miƙe take sak daga titi zuwa bakinsa. Alhaji ya shiga falonsa ta inda aka bar wa ƙofa, duk da zai iya tsallake igiyar, ya tsaya a tsakiya yana nuna inda kantar littattafai za ta jingina.

Matarsa, Hajiya Aishatu, ba ta shiga ko ɗaki ɗaya ba. A bakin gareji ta tsaya, tana duban titi tana duban toka. Bara ta koyi tuƙi, tana da shekara hamsin da takwas, bayan ta ajiye shugabancin makarantar firamare. Malam Ɗahiru, direban gidan, mutumin Ringim da ya fi shekara ashirin tare da su, shi ya koya mata. Yanzu ita ke kai kanta kasuwa da gidajen 'yan uwa, amma ita da ribas ba sa ga maciji.

Ta kira Suhaila ta tambaye ta, idan mota ta shiga nan, ta ina za ta fita. Suhaila ta ce da baya za a dawo zuwa titi, ai gajeriyar hanya ce. Hajiya ba ta yi musu ba, sai ta miƙa wa Malam Ɗahiru hannu ya ba ta makulli.

Shiga ba ta ba ta wahala ba. Ta tako kan kwalbati, ta bi tsakanin layukan toka, ta tsaya cif a cikin gareji. Wajen fita ne aka yi ta. Ta sa ribas, ta leƙa madubin dama, ta leƙa na hagu, ta murza sitiyari inda bai kamata ba, bayan motar ya karkata ya tumɓuke turke biyu, ya ja igiya, ya tsaya a cikin abin da zai zama ɗakin cin abinci. Birkila ya juya baya yana ƙunshe dariya. Alhaji kuwa bai ɓoye tasa ba, ya ce ashe yau za su yi baƙuwa a teburin abinci tun ba a ɗora bulo ɗaya ba.

Hajiya ta sauke gilashi, ita ma tana dariya, ta ce, "Alhaji, yau turke ne. Gobe bango ne, ko kuma ɗan adaidaita a kan titi."

Wannan ta sa kowa ya nutsu, domin titin ba ya rabuwa da motoci, ga magudanar ruwa mai zurfi a kowane gefen kwalbatin. Suhaila ta buɗe zanenta a kan bonet, ta ciro abin awo, ta fara lissafin faɗin da mota take buƙata kafin ta juya. Ta ce a takarda akwai adadin da aka sani, amma idan ta bi shi sai an ci falon baƙi kusan rabi. Alhaji ya ce falonsa dai a bar masa, don almajiransa na jami'a ba za su daina zuwa ba.

Malam Ɗahiru ya daɗe yana tsaye yana kallon ƙasa. Can ya yi gyaran murya, ya ce idan ba zai yi shisshigi ba yana da magana. Suhaila ta ce, "Faɗi mana, Baba Ɗahiru."

Ya ce ƙasa a jiƙe take, duk inda taya ta bi sai ta bar sawu. A cire igiyoyin gaba, a bar Hajiya ta shigo ta juya yadda hannunta ya saba, ba wanda zai ce mata kanzil. Inda motar ta bi, nan ne hanya. Sauran fili kuma na gida ne.

Suhaila ta dube shi, ta naɗe zanenta, ta ce wa birkila ya kwance igiyar.

Sau uku Hajiya ta shiga ta fita. Na farko ta yi faɗi da yawa don tana ɗari-ɗari. Na biyu da na uku suka hau kan juna kamar an auna. Daga get takan karkata dama a hankali, ta yi kwana mai faɗi ta dawo hagu, ta ɗan ja baya taku kaɗan inda babu abin bugewa, sai ga hancin mota yana kallon titi. Suhaila ta bi sawun da bokitin toka a hannu, takalminta ya yi kaca-kaca da laka, tana zubawa tana kiran awo birkila yana rubutawa.

Da suka tsaya suka duba, abin ya fito fili. Gareji zai koma hannun dama ya fuskanci kwanar, gidan gaba ɗaya kuma sai ya ja baya ƙafa goma sha huɗu. Falon Alhaji bai rasa komai ba, fili na baya ne ya ragu, inda dama ba a yanke abin da za a yi da shi ba. Alhaji ya taka zuwa sabon wurin falon, ya tsaya ya kasa kunne. Ƙarar titi ta ragu sosai a nan. Ya ce shi fa da ma can yana ganin gidan ya cika matsowa gaba. Hajiya da Suhaila suka haɗa ido.

Sai da Suhaila ta yi mako biyu tana sake zane, ta mayar da shi ofishin da ke ba da izinin gini, aka sake jira. Ba ta ji haushin aikin ba. Ta gaya wa abokan aikinta labarin fiye da sau goma, kuma kullum sai ta ambaci sunan Baba Ɗahiru.

Bayan wata goma sha ɗaya suka tare. Ranar, motar kaya ta shigo da gadaje da kwalayen littattafai, ta sauke, ta juya a tsakar gidan ba tare da an tare mata titi ba. Da la'asar mata 'yan taya murna suka cika gidan, aka ga lemon da aka tanada ba zai kai ba. Malam Ɗahiru yana can yana haɗa gado da kafinta, don haka Hajiya ta yafa mayafinta, ta ɗauki ƙawayenta biyu a bayan mota, suka fita sayowa suna ta hira.