Gurbin Batir

Pak Kasmuri bai mutu ba, amma hannunsa na dama da harshensa sun daina aiki. Ya faɗi ne a ƙofar gidansa bayan sallar asuba, wata Talata a watan Yuli, a wani kwarin gonakin dankali da ke tsaunin Dieng. A bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti a Wonosobo, bayan an yi asarar kusan minti arba'in, saboda babur ɗin gidan ya ƙi tashi.

Darmaji, mijin 'yarsa, shi ya haɗa babur ɗin.

Asali tsohon babur ɗin Pak Kasmuri ne, ya girmi 'ya'yansa. Da ya bar wa ɗansa Tohirin, sai Darmaji ya kai shi garejinsa a Yogyakarta, ya ce zai mayar da shi abin kallo, kyauta. Wata biyar yana aiki a kansa. A wurin masu wannan sana'a, gwani shi ne wanda za a durƙusa a leƙa ƙarƙashin sirdin babur ɗinsa a hango ɗaya gefen, ba waya, ba akwati. Darmaji ya yanke duk abin da ke wurin. Da ya mayar da matakan ƙafa baya, kik ɗin tayar da inji ya riƙa dukan su, shi ma ya cire shi. Sai da ya gama walda da fenti ya waiwayi batir. Gurbin da ya rage bai fi sabulun wanki biyu ba.

Ya je shagon Cik Melan mai sayar da batura, da awon gurbin a rubuce a tafin hannunsa.

"Mas Dar, kai kullum sai ka ɗinka hula sannan ka fita neman kai," in ji ta, tana kiransa Mas, wato yaya. Ta dire wani batir a gabansa. "Ga na injinka."

"Ba zai shiga ba."

"To yanke ƙarfen mana."

"Na riga na yi fenti, Cik."

Ya nuna wani ƙarami na litiyom da ke bayan gilashi. Da ya ɗaga shi sai ya ji kamar kwali ne ba komai a ciki.

"Wannan na ƙananan babura ne. A zafin garin nan zai tayar maka. Ina za a hau shi?"

"Nan cikin gari."

"Shi ke nan. Don ba ya shiri da sanyi. In sanyi ya kama shi sai an kunna fitila minti guda kafin ya farka, kamar mijina. Shi ma ɗin ba kullum yake farkawa ba."

Darmaji ya sayi ƙaramin. Maganarsa ta cikin gari da gaskiya a ciki: a cikin gari za a yi baje kolin babura. Babur ɗin ya zo na biyu. Ranar da ya miƙa wa Tohirin makulli, Darmaji ya yi masa bayanin baƙin mai, da sarƙa, da yadda ake goge fatar sirdi. Maganar fitila ta zo masa baki. Amma Tohirin na ta zagaya babur ɗin, abokansa na ɗaukar hoto. Darmaji ya ce a ransa zai haɗa babban gurbi ya kai masa kafin sanyi ya shigo. Bai haɗa ba.

A barandar asibiti Tohirin ya ba yayarsa Wening da mijinta Darmaji labari. Raɓa ta daskare a kan ganyen dankali a safiyar. Waya ba ta kamawa a kwarin, maƙwabta sun riga sun haura gona. Ya so ya hau titi ya samo mota.

"Na danna sitata, ƙas-ƙas. Na sake dannawa. Na laluba kik da ƙafa, babu. Na tura, kun san hanyarmu, hawa ce kawai. Daga baya na yar da shi na haura da gudu."

Ya goge hanci da bayan hannu.

"Da azahar na koma ɗauko wa Baba kaya. Sau ɗaya na danna, Mas, ya tashi. Ka ga ni ne ke nan. Wataƙila famfon mai na manta ban buɗe ba."

"Kai da ma tun kana ƙarami, in ka firgita ko takalminka ba ka ganewa," in ji Wening. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta dafa masa kai, shi kuma ya sunkuya.

"Ƙaddara ce, Dik," in ji Darmaji, yana kiransa Dik, wato ƙane.

Da yamma Darmaji ya tare likita ita kaɗai, ya tambaye ta ko minti arba'in zai canza wani abu. Ta ce a irin wannan ciwo kowane minti yana da daraja, amma ba wanda zai iya faɗin abin da zai faru da an zo da wuri.

Kafin su tafi Tohirin ya biyo shi har bakin mota.

"Tafi da shi ka bincika min, Mas. In ni ne, ka faɗa min, zan ɗauka. Ban yarda da kowa a kan inji ba sai kai."

Kwana tara ke nan babur ɗin yana garejin Darmaji a lulluɓe. Bai kwance ko noti ɗaya ba. Tohirin yana kira kowace safiya daga asibiti, Darmaji yana ce masa ana kan dubawa. Wening ta ce ƙanin nata ya daina shiga ɗakin mahaifinsu sai in tsohon yana barci.

Tohirin ya ce ranar Asabar zai sauko Yogyakarta ya ji da kunnensa.