Dawowar Sayo Mai Kwalekwale

Tomie ta same shi zaune a matakala, tsakanin hawa na biyu da na uku, ya rungume jakar takardu a ƙirji, leɓensa ya yi baƙi. Ledar sharar da ta fito zubarwa ta suɓuce daga hannunta.

"Malam Ebina, bari in kira motar asibiti."

"Kar ki soma," ya ce, yana jan numfashi da ƙyar. "In suka kwantar da ni, ba sakina za su yi ba. Kama ni kawai mu hau."

Ta kama shi. Rashin nauyinsa ne ya fi tsorata ta. Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka a wannan tsohon bene na unguwar Nerima, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma ba ta san ya ƙare haka ba.

Shi ne ya zana manga, wato labari cikin zane-zane, na Sayo Mai Kwalekwale, wanda 'ya'yan Tomie suka taso suna rububinsa duk mako. Shekara ashirin da takwas ke nan da ya rufe labarin: Sayo ta tuƙa kwalekwalenta ta nufi teku neman mahaifinta, shi ke nan. Masu buga littafin sun yi ta sintiri da kwalayen alewa suna rusunawa, ya ce ya gama. Sai bana aka ji wai ya ɗauko alƙalami. A shagon mai kayan miya aka ce tsufa ne, wasu suka ce kewar suna ce.

Ɗakinsa warin tawada yake yi. Shafuka a shimfiɗe ko'ina a kan tabarma, sai da ta yi ta ɗaga ƙafa. Ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa, ta ga yadda kofin ke kaɗawa a hannunsa. A kan tebur kuwa ga alƙalami da tsumma a naɗe, na ɗaure shi a yatsu.

"Kai dai ba ka da kunne," ta ce. "Yarinyar nan ta takarda ce za ta kai ka ƙasa. Me ta ba ka?"

"Ke ma kin ce suna nake nema?"

"Ni ban ce ba. Mai kabeji ce ta ce."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Daga wurin Kinue nake."

Kinue matarsa ce. Shekara uku tana gidan kula da tsofaffi, tun da mantuwa ta ci ƙarfinta. A da ita ke cika masa baƙar tawada a zanen kogi.

"Ba ta san ni ba, Tomie. In na shiga sai ta rusuna ta ce, 'Sannu da aiki, likita.' Amma ba ranar da ba ta tambayata, 'Sayo ta dawo gida?' In na ce tukuna, sai ta kama kuka, wai yarinya ita kaɗai a kan ruwa. Na taɓa ce mata ta dawo. Ta ce in nuna mata." Ya dubi hannunsa. "Duk wata nake kai mata babi. Takan riƙe shi, ta daina kuka. Saura shafi shida kwalekwalen ya taɓa gaɓa."

"Likita fa, me ya ce?"

"Ya ce zuciyar ta gaji." Ya jawo aljihun tebur, ya miƙa mata mabuɗin ɗakinsa. "Tsoro nake ji, maƙwabciya. Ba na tafiyar ba. Kar in tafi in bar ta tana tambaya, ba mai amsa mata."

Tomie ba ta so karɓa ba. Ita ce ta tsinci mijinta a bahon wanka shekara shida da suka wuce, ruwan har ya huce. Tun daga lokacin ba abin da take gudu kamar ta buɗe ƙofa ta tarar da shiru. Amma ta karɓa.

Daga ranar kunnenta ya koma jikin bango. Da safe sai ta ji tarinsa, ta ji kukan butar shayi, sannan ta iya cin abinci. Da rana ta kai masa shinkafa da miyar miso, ya ɗaga mata yatsu daga kan tebur ba tare da ya juyo ba, yana nuna mata shafukan da suka rage. Biyar. Bayan kwana uku, huɗu. Wata rana ta tarar ya yaga shafi guda, don hannun ya zame ya ɓata fuskar Sayo, yana zaune yana kallon yatsunsa kamar na wani ne.

Ranar Laraba ta jira tari, ba ta ji ba. Bakwai ta yi, bakwai da rabi. Ta ce wa kanta barci ne ya ɗauke shi. Ta wanke kofin da ta riga ta wanke. Ƙarfe takwas ta tsaya a ƙofarsa, ta ƙwanƙwasa, ta kira sunansa sau biyu. Ta sa mabuɗin, ta buɗe.

Yana zaune a teburinsa, kuncinsa a kan damtsensa, alƙalamin a ɗaure a yatsu. Ya ture shafin gefe, nesa da fuskarsa, kada ya ɓaci. Ta taɓa wuyansa. Ta durƙusa a kan tabarma, ta daɗe kafin ta iya tashi ta ɗauki waya.

Bayan an ƙona gawar bisa al'adarsu, Tomie ta hau jirgin ƙasa da shafukan a cikin jaka. Biyar sun sha tawada. Na shidan fensir ne kawai: kwalekwale dab da gaɓa, Sayo a tsaye ta wurga igiya, igiyar tana sama.

Ta tarar da Kinue a bakin taga, bargo a gwiwa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Sayo ta dawo gida?"

Tomie ta buɗe jakar. Duk hanya wannan tambayar take tsoro. Ta jera mata shafukan a cinya, ɗaya bayan ɗaya. Kinue ta bi su a hankali har ta zo na ƙarshe. Ta daɗe tana dubansa.

"Bai cika kogin ba," ta ce. "Kullum ni yake bar wa."

Ta ɗora yatsa a bayan kwalekwalen, ta riƙa tura shi a hankali wajen gaɓa, baƙin fensir yana shafar kan yatsanta.