Kwalbar Ruwan Jan Ƙarfe

Mai gadin ginin binciken magunguna ya miƙa hannu zai tare ta, wai sai da izini. Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta shaida masa ta haifi wanda ya girme shi, ta ture hannun ta wuce. Kwalba tana ƙulle a bakin mayafinta, ruwan ciki shuɗi-shuɗi.

Autarta ce kwance a asibitin da ke tsallaken titi. Ciwon daji ya kama ta a nono, an daɗe ana yi mata ƙarin magani. Gashi ya zube, amma tana ci tana sha, har faɗa take yi wa yara. Ana nan sai mijinta, mai gyaran fanka, ya ji wata dakta a rediyo tana cewa sun haɗa magani da jan ƙarfe, yana kashe ƙwayoyin ciwon. Shi kuwa jan ƙarfe a hannunsa yake wuni, shagonsa cike da ƙonanniyar waya da yake warwarowa daga cikin injin fanka. Ya kankare ta tas, ya jiƙa a ruwan lemun tsami har ya rine, ya riƙa ɗirka wa matarsa a ɓoye. Yanzu Auta ba ta riƙe ko ruwa, ido ya koma rawaya, fitsari kamar shayi.

Tsohuwa ta samu daktar a wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, da farar riga da safar hannu, tana ɗiga wani abu cikin ƙananan faranta. Muryar ta gane tun kafin fuskar, don ita ma ta ji hirar rediyon. Tsohuwa ta kwance kwalbar ta dangwara ta a kan tebur, gilasai suka yi ƙara.

"Ga maganinki nan. Sha mu gani."

Dakta ta ɗaga kwalbar ta haska ta a taga, ta tambayi inda aka samo ta. Tsohuwa ta zayyana mata komai, tana yi tana nuna ta da yatsa. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san mai ciwo ko an ce wuta magani ce zai taka. Wanda ya san haka ya hau rediyo ya saki baki, me za a kira shi?

Dakta ta ce nasu ba jiƙon waya ba ne. Ƙarfen ɗan mitsitsi ne, ana naɗe shi cikin wani sinadari don ya je inda aka aike shi, kuma har yau a faranti da ɓeraye kawai aka gwada, ba a ba ɗan Adam ba. Ta ce ta faɗi haka a ƙarshen hirar.

"A ƙarshe," in ji tsohuwa. "Wa ya gaya miki mai mara lafiya yana jiran ƙarshen zance?"

Dakta ba ta musa ba. Ta tuɓe safar hannu a hankali, ta ce, "Mama, likitocin da ke duba 'yarki sun san ta sha wannan?"

Tsohuwa ta sauke yatsanta. Ba su sani ba. Tun ranar da ta gano, surukin ya durƙusa mata yana hawaye, ya ce in ta faɗa kulle shi za a yi, yara su rasa uwa su rasa uba. Ita ma abin da ya hana ta ke nan, shi ya sa ta kwaso fushinta ta tsallako titi da shi. Likitoci kuwa sun ɗauka ciwon ne ya gangara hanta, har sun fara yi mata maganar haƙuri.

Dakta ta ce akwai maganin da ke janyo ƙarfen daga jini, amma ba mai ba da shi sai ya san abin da yake nema, kuma hanta ba ta jiran kowa. Tana maganar tana neman takalminta a ƙarƙashin tebur.

Suka tsallaka titi, tsohuwa na gaba, motoci na yi musu hon. A bakin ɗakin mata suka tarar da surukin zaune a kan benci, farcensa baƙi da man inji. Yana ganin kwalbar a hannun mai farar riga ya miƙe ya tsaya a ƙofa.

"Inna, kin yi mini alkawari."

"Na yi. Na karya." Ta matso har numfashinta na dukan ƙirjinsa. "In an kulle ka ni zan kai maka abinci da hannuna. Kabari kuwa ba a kai masa komai. Matsa."

Bai matsa ba, bai kuma ɗaga ido ba. Daga ciki aka ji Auta ta sake kelaya amai, wata nas tana neman a miƙo roba.

Likitan ɗakin ya leƙo ya tambayi abin da ke faruwa. Dakta ta ɗaga masa kwalbar. Ya dube ta, fuskarsa ta canza, ya tambayi wa ya ba Auta, tun yaushe, cokali nawa.

Tsohuwa ta buɗe baki, surukin ya riga ta.

"Ni ne," ya ce. "Babban cokali. Bari in faɗa maka tun daga farko."