Sunan Appa a Cikin Kwalba

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da makullin ɗakin kwalabe a tashar binciken teku ta garinmu, a gaɓar Tamil Nadu, kuma ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba sai da dalili. Dalilan ne dai ba sa ƙarewa. Sunana Pechiammal. Aikina in ƙara wa kwalabe ispirit kada tsutsotsin teku da ke ciki su bushe, in kuma hana ɗalibai masu ƙaiƙayin hannu taɓa abin da ya girme su.

Cikin kwalabe dubu huɗu, ɗaya ce tawa. Tsutsa ce ruwan ƙasa, tsawon ɗan yatsa, da gashi jere a gefe da gefe. A cikin kwalbar akwai 'yar takarda da aka rubuta da fensir, domin tawada narkewa take a ispirit: irulappani. Irulappan ubana ne. Mai haƙar koto ne, kullum yana cikin laka a bakin kogi yana tono wa masunta abin sa wa ƙugiya. Shi ya kai wa marigayi Dakta Ponnambalam tsutsar nan shekara arba'in da uku da suka wuce, Dakta ya ce ba a san ta ba, ya raɗa mata sunansa. Appa, yadda muke kiran uba, bai iya karatu ba. Wata shekara ya bi kwalekwalen wani zuwa teku, bai dawo ba. Ba kabari, ba hoto. A duk duniya, nan kaɗai aka rubuta sunansa.

Wata safiyar Talata shugaban tasha, Dakta Seshadri, ya shigo yana toshe hanci da hankici. Bayansa Dakta Kothai ce, tsohuwar ɗalibarsa, wadda aka ɗora wa aikin jera sunayen tsutsotsin gaɓarmu duka, ta tsame waɗanda aka raɗa wa suna sau biyu.

"Pechiammal, sauko da waccan," ya ce. "Za a canja mata takarda."

"A kan me, Yallaɓai?"

"Ba wata sabuwa ba ce. Ita ce wadda wani Bature ya kwatanta a tekun ƙasarsu shekara ɗari da wani abu. Ponnambalam ya yi zumuɗi ne. Ƙa'ida a fili take: in tsutsa ɗaya ta samu suna biyu, na farko shi ke zama, na baya ya koma ƙarƙashinsa."

"Wato tsutsar da ubana ya tono a lakar da ke ƙona ƙafa, ita ce ke zaune a ruwan ƙanƙara? Jirgi ta hau ko ƙafa ta taka?"

Kothai ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi kuwa ya ɓata rai.

"Ba tambayarki nake ba. Sanar da ke nake."

"An ƙirga haƙoranta?" na ce.

Ba a banza na yi shekara talatin ina jin gardamar masana ba. Irin waɗannan tsutsotsi suna da ƙananan baƙaƙen haƙora a maƙogwaro, kuma da yadda suka jeru ake raba wannan da waccan. Ta Appa ta mutu da maƙogwaronta a ciki, Dakta Ponnambalam kuma bai tsaga ta ba, ƙafafu da gashi kawai ya zana.

"Ba wanda zai sa wuƙa a tsutsar asali saboda 'yar mai koto tana jin zafi," ya ce. "Ranar Litinin za a tura jerin. Ki sauko da ita."

"Ba zan sauko da ita ba."

Ya dube ni, na dube shi. Na ɗaure makullin a haɓar sarina, zanen da matanmu ke ɗaurawa, a gabansa. Ya juya ya fita, hankicin nan har yanzu a hanci.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. 'Yar mai koto! E, ita ce, sai aka yi yaya? Shi nasa sunan yana nan a kanta ta uku, a kwalbar wata tsutsa, seshadrii, wadda Kothai ta samo a wani kogi can kudu shekara shida da suka wuce ta raɗa mata sunan malaminta. Har hoton tsutsar ya rataya a ofis, kusa da na aurensa.

Ranar Alhamis da hantsi ruwan teku ya janye. Na ɗauki bokiti da cebur, na hau bas zuwa bakin kogi. Rabin wurin ya zama tafkunan kiwon jatan lande, amma tsohuwar bishiyar da Appa ke rataya ƙullin shinkafarsa tana nan. Na tattare sari na shiga laka har gwiwa, ni da shekara hamsin da takwas. Masunta suna ta tsiya, suna kira na Akka, wato babbar yaya: "Akka, an kore ki daga ofis ne? Zo mu ba ki ƙugiya!" Na ce su ji da kifin da ya gagare su. Kafin ruwa ya dawo na samu goma sha ɗaya.

Na dire bokitin a teburin Kothai, lakar tana ɗiga a takardunta.

"Akka, kina so ki ja mini masifa," ta ce.

"Ƙirga kawai zan sa ki. Ko an hana ku ƙirga yanzu?"

Na ɗauki ɗaya, na matsa bayan kanta da babban yatsa yadda Appa ya koya mini, a hankali, kamar mai fitar da ƙwallon tsamiya. Maƙogwaron ya fito tsaf. Kothai ta sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma.

"Ta Bature tana da layi biyu a ƙasa, haƙora sun fi talatin," ta ce, idonta a madubin. "Wannan kuwa... layi ɗaya. Bakwai. Na tsakiya ya fi girma."

"To! Kin gani ko?"

Ta duba ta biyu, ta uku, har ta sha ɗaya. Sannan ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Akka, na san haƙoran nan. Na taɓa zana su da hannuna."

Ta miƙe ta ɗauko takardar da ta buga shekara shida baya, ta buɗe. Ga zanen maƙogwaron seshadrii: layi ɗaya, bakwai, na tsakiya babba.

"Yallaɓai ne ya ce kada in ɓata lokaci a kan ta babanki, wai ta Turawa ce," ta ce. "Ni kuma ban duba ba. Kuskurena ne. Amma waɗannan na yau ba su isa hujja ba. Sai an buɗe ta asalin, wadda babanki ya kawo."

Shekara talatin da ɗaya ko girgiza kwalbar nan ban bari an yi ba. Idan aka tsaga aka tarar da layi biyu, shi ke nan, da hannuna na binne Appa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na kwance makullin.

"Ya hana fa," in ji Kothai.

"Ya hana saboda 'yar mai koto. Ke masaniya ce, duba kwalba aikinki ne. Ki yanka kaɗan, ki yanka da ladabi."

Ta tsaga wuyan, tsaga ɗaya siririya, ta buɗe da allura. Ta matsa gefe ta ce in duba da kaina. Na kafa ido. Na ƙirga da harshenmu na Tamil, a bayyane, yadda Appa ke ƙirga koto. Bakwai.

Ranar Litinin Dakta Seshadri ya zo da kansa karɓar jerin. Kothai ta miƙa masa, ya karanta, kunnuwansa suka yi ja.

"Mene ne wannan? Wa ya ba ku izini?"

"Yallaɓai, ba ta Bature ba ce," Kothai ta ce. "Ita da wadda na raɗa wa sunanka abu ɗaya ne. Ni na yi kuskuren, ni zan gyara shi a rubuce."

"Kin san wanda ya kawo ki nan?"

"Na sani. Kai ka koya mini ƙirga haƙora."

Ya juyo kaina. "Ke kuma, zan iya mayar da ke shara a tsakar gida kafin azahar."

"Tsintsiya ba baƙuwata ba ce, Yallaɓai. Amma kai ka faɗi ƙa'idar a ɗakin nan, da bakinka. Na farko shi ke zama. Naka shekara shida, na ubana arba'in da uku. Ga madubi can, ka ƙirga. In ka samu takwas, ni da kaina zan yaga takardar."

Ya dubi madubin. Bai je ba. Ya ajiye jerin a tebur ya fita, ya manta da hankicinsa.

Kothai ta tura jerin kafin ta sha kofi. Ni kuma na sauko da kwalbar kanta ta uku. Ba a jefar da tsohuwar takarda, sabuwa ake ƙarawa. Na fere fensir, na rubuta sunan Appa harafi harafi, hawaye na ɗiga a sarina. Na zura ta cikin ispirit ɗin, na gyara ta da allura har ta zauna a saman ta Yallaɓai.

Yanzu a wuri biyu aka rubuta sunan Appa.