Goɗiyar Baba a hanyar Shagari

Ƙanena Lukman bai san doki ba. Hoton doki ya sani, wanda ake ɗauka da waya a tura wa 'yan mata.

Da Baba ya rasu, abu mai rai ɗaya ya bar mana: goɗiyarsa Kili, kuma da ciki. Ni nake kawo mata harawa, ni nake jiƙa mata dusa da kanwa. Ɗan da ke cikinta shi ne ragowar irin dawakin gidanmu. In ya tafi, shi ke nan.

Ranar sunan ɗan Garba, abokinmu na Shagari, mahayan garinmu Bodinga suka ce a tafi bisa dawaki. Na ɗaura wa tsohon dokin da na saya a kasuwa sirdi. Ina fitowa sai ga Lukman a kan Kili, da wani rawani kamar kwandon albasa.

Na ce, "Sauka. Ciki gare ta."

Ya ce, "Yaya, ni ma Baba ya haife ni. Gadona ce."

Wannan kam gaskiya ne, kuma ya ƙona mini rai. Na haɗiye, na ce, "To ji. Hanya da nisa. Ka bi da ita a sassarfa, in ta jiƙe da gumi ka mayar da ita tafiya ta sha iska. Sassarfa ba ta cinye ƙarfin doki. Sukuwa kuwa ƙone shi take kamar kara a murhu."

Ya kwashe da dariya. "Wagga tahiyar tsohwi ce, Yaya!"

Ko gari ba mu gama fita ba ya zuba mata ƙaimi. Kai! Wai shi nan mahayi. Gindinsa na dukan sirdi, ƙafa na neman suɓucewa daga likkafa, yana ɗaga wa 'yan bas hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Na ƙwala masa kira, ko waiwaye bai yi ba. Na so in bi shi, to da me? In na saki tsohon dokina a sukuwa, gawa biyu za a kwasa.

Haka muka bi gefen titi, mu yi sassarfa, mu yi tafiya. Duk inda muka wuce sai a ce, "Wani ya wuce yanzu kamar iska." Iskar banza.

A bakin garin Shagari na sami Kili, kwance ƙarƙashin darbejiya. Kumfa a baki, haƙarƙari duk jinin ƙaimi, numfashi sama-sama. A bayanta ga ɗan, ya fito ba lokacinsa ba, babu rai, ko gashin kirki babu. Namiji ne.

Sai ga gogan naku daga gidan suna, hannu duk maiƙon nama, yana sakace haƙori.

"Yaya, ni na fara isowa, kowa shaida ne. Ita ce dai ba ta da ƙwari." Ya leƙa dokina, ya ga ko haki ba ya yi. "Af! In mun tashi komawa ka ba ni wanga, kai ka shiga mota."

Na tsuguna ina kwance mata sirdi, don ko shi bai cire ba.